'Yar Fari a Rajistar Aji Uku

Ofishin malamai na makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke Bodinga ɗaki ɗaya ne, amma an raba shi biyu ba tare da an ja ko layin alli ba. Daga ƙofa zuwa randar ruwa na sashen Ingilishi ne. Daga randa zuwa taga na sashen nazarin zamantakewa ne, wanda kowa har mai gadi yake kira Soshiyal. Malaman lissafi da na kimiyya sun daɗe da kwashe kujerunsu zuwa wani ɗakin, sun ce surutu ya yi musu yawa, kuma ba su yi ƙarya ba. 'Yan Ingilishi kan ce 'yan Soshiyal suna cin albashi ne a kan koya wa yara abin da suka baro a gida, wane ne kawu, wace ce gwaggo. 'Yan Soshiyal kuma kan ce 'yan Ingilishi sun shekara goma suna sa yara rubuta wasiƙa zuwa ga wani aboki a garin da ba wanda ya taɓa zuwa, har yau ba a ga amsa ba. Duk da haka moɗa ɗaya suke shan ruwa da ita.

Malama Nana Hauwa ce shugabar Soshiyal, ita ce kuma uwar aji uku, mai kiran rajista kowace safiya. Mace ce mai murya. In ta tsaya bakin aji ta kira yarinya, wadda ke can wajen famfo ma sai ta gyara hijabi. Sunan kowace ɗaliba yana bakinta, da na ubanta, da garin da ta fito, ko Sifawa ne ko Mandera. Suna ɗaya ne kacal a makarantar nan bakinta bai taɓa furtawa ba, kuma na 'yar cikinta ne.

Safinatu ce 'yar farinta. Kamar yadda aka saba, ranar da aka yaye ta, kakarta ta wajen uba, Inna Rabi, ta zo ta goye ta ta tafi da ita Dandin Mahe, can ta tashi. Nana Hauwa ba ta ce uffan ba, don ba a cewa. Kunyar ɗan fari ke nan. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Haka tata uwar ta yi mata, don ita ma 'yar fari ce. Har tsohuwar ta koma ga Allah "waccan" take ce mata, kuma Nana Hauwa ba ta taɓa shakkar ana sonta ba.

A farkon shekarar karatun nan maigidanta, Malam Zayyanu, ya ce yarinya ta dawo gida ta yi aji uku a Bodinga saboda jarrabawar fita ƙaramar sakandare. Sai ga Safinatu da akwatinta, doguwa, mai shiru, 'yar shekara goma sha huɗu, ta shigo gidan da aka haife ta tana sallama kamar baƙuwa. Makaranta kuma ta rasa ajin da za ta sa ta sai na uwarta.

Gidan kuwa cike yake da sunaye. Tun da asuba muryar Nana Hauwa ke tashi: Mode ka wanke ƙafa, Aminatu ina takalminki, Mode na ce ka wanke ƙafar nan. In aka zo kan babbar sai murya ta sauka. "A ce wa yayarku ta zo ta ci abinci." In ba yaro kusa, sai ta ce "ke", tana duban tukunya. A makaranta ma haka. In tana kiran rajista ta iso lamba ta ashirin da uku, sai ta ɗaga ido ta ƙasan gira, ta ga farin hijabin a layi na biyu, ta ja alama ta wuce. Da farko 'yan aji suna dariya ƙasa-ƙasa, daga baya suka saba. In ta yi tambaya hannun Safinatu ne ke fara tashi, shi ne kuma na ƙarshen sauka, amma idon Malama ya bi ta samansa ya faɗa kan wata.

Kada wani ya ɗauka ba ta sonta. Tana sonta so mai ciwo. Cikin yara arba'in da bakwai ta san tarin Safinatu daban. Ta lura ba ta son miyar kuka, sai kuka ta ɓace daga gidan ba tare da an yi sanarwa ba, har Malam Zayyanu ya fara tambaya ko kukar ta ƙare a kasuwa ne. Tsokar da ta fi laushi takan sa a kwanon yarinyar, ta rufe da tuwo don kada a gani. Matsalar ita ce ta iya ɓoyewa fiye da kima, har wadda ake yi domin ta ma ba ta gani ba.

A zango na biyu ne ake gasar kacici-kacici tsakanin makarantun 'yan mata na Bodinga da na Shagari, kuma bana a Shagari za a yi. Kowace makaranta ɗalibai biyu take turawa daga aji uku. Sashen Ingilishi ya fitar da ɗaya, Soshiyal ya fitar da ɗaya, kowanne da gwajinsa. Nana Hauwa ta yi nata gwajin, tambaya hamsin, daga al'adu zuwa matakan gwamnati. Sai ta zo kan takardar Safinatu. Rubutu tsaf, amsa tsaf. Ta duba sau biyu, ta sake dubawa da jan biro a hannu tana neman inda za ta rage, da ƙyar ta samu wuri uku. Arba'in da bakwai. Mai bi mata, Ummukulsum, arba'in da ɗaya.

Ta daɗe zaune da farar takardar da za a rubuta sunan wakiliya. Murna ta cika ta har tana jin kunyar murnar. Sai kuma ta hango kanta a Shagari, a gaban malaman makarantu, ana cewa ga Malama Nana Hauwa ta zo da 'yarta, 'yar farinta ma. Ta ji kamar an yaye mata mayafi a kasuwa. Ta rubuta Ummukulsum.

Da a nan ta tsaya da abin ya zo da sauƙi. Amma malama ce mai tsari, ba ta taɓa riƙe takardar gwaji ba, don haka ranar Laraba ta raba wa kowace tata, sannan ta liƙa sunan wakiliya a ƙofar aji. Yara suka dubi ƙofa, suka dubi takardun juna. Safinatu ta ninke tata gida huɗu ta sa a jaka. Ba ta yi kuka ba. Ranar Juma'a aka ba da hutun rabin zango, ta roƙi babanta ta je ta gaida Inna, ya sa ta a mota.

Hutu ya ƙare ba ta dawo ba. Ranar Laraba da safe, ana karyawa, Malam Zayyanu ya ce Inna ta bugo waya. Yarinya ta ce ita ta fi son ta zauna can, ta koma makarantarta ta da. Ya ce shi ba zai tilasta mata ba, ya ma riga ya yi wa shugabar makaranta magana, ranar Litinin za ta sa hannu a takardar canji. Nana Hauwa ta ce, "To." Ta zuba wa Mode koko har ya malala a tabarma.

Washegari tana zaune gefen taga tana duban littafin darasi ba tare da ta ga ko harafi ba, sai ta ji ana jan kujera. Malam Mijinyawa ne, shugaban sashen Ingilishi, dattijo mai furfura wanda saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Shi ke haɗa sunayen 'yan gasa ya aika Shagari. Ya jawo kujerarsa ya wuce randa, abin da ba a taɓa gani ba, ya zauna a gabanta. Sauran malamai duk suna aji.

"Na ƙetaro iyaka, Malama, a yi mani ahuwa," ya ce.

"Baba Malam, ai da ka aiko na taso."

Ya ajiye takardar sunayen a kan teburinta. "Ummukulsum ta ishe ni jiya tana kuka. Tac ce ita ba ta zuwa Shagari, wurin ba nata ba na. Ni lissahi bai dame ni ba, shi yas sa niy yi Ingilishi, amma na san arba'in da bakwai ta hi arba'in da ɗaya."

Nana Hauwa ta sunkuyar da kai. "Mi mutane za su ce? A ce na ɗauki tawa na aza gaba?"

"Mutane sun ga takardu. Ke kinka raba su da hannunki."

"Kai ma ka san al'ada, Baba Malam."

"Na san ta. Babban ɗana shina da hurhura yanzu, ban taɓa kiran sunanshi ba. Amma ni ban taɓa riƙe rajistar ajinshi ba." Ya ɗan buga takardar da yatsa. "Kunya a gida taki ta, ba mai hana ki. Wagga takarda ko haƙƙin yarinya ne, ba a yin kunya da shi."

Ya gyara zama, muryarsa ta yi laushi.

"Bari in hwaɗa maki abin da ban so hwaɗi ba. Safinatu a Ingilishi ta shida take, kuma bai dame ta ba. Littahin Soshiyal ɗinta kuwa har ya rabu biyu don karatu, da zare ta ɗinke shi. Kin ɗauka son ƙananan hukumomi ne yak kama ta? Kwanaki ta tsai da ni bakin aji, tac ce, Malam, in an daɗe ba a kira sunan mutum a rajista ba, share shi aka yi? Nic ce wa yac ce maki haka? Tac ce a'a, tambaya dai ta yi."

Nana Hauwa ta juya ta dubi taswirar da ke jikin bango, ta yi ta dubanta kamar yau aka kafa ta. Hawaye suka zubo, ba ta share ba. Malam Mijinyawa ya tashi ya ɗebi ruwa a randa ya sha, ya daɗe yana sha don ya ba ta lokaci.

"Ban aika sunayen ba tukuna," ya ce da bayansa. "Biro na nan kusa da ke."

Ta ja layi ta rubuta Safinatu Zayyanu. Rubutawa bai taɓa yi mata wuya ba. Da aka tashi hutun tara ta kira Ummukulsum gefe ta ba ta haƙuri, ita malama guda, ta ce kuskuren nata ne. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya kamar an sauke mata kaya, ta ce dama tun ranar ba ta yi barcin kirki ba.

Sai dai suna a takarda ba ya dawo da mutum gida. Ranar Asabar da hantsi Nana Hauwa ta shiga mota zuwa Dandin Mahe. A gidan surukarta aka ce duk suna fadama, ana cirar albasa. Ta hau kabu-kabu har inda hanya ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa, takalminta na makaranta yana nutsewa cikin laka.

Ta iske Inna Rabi a gindin mangwaro da wuƙa a hannu, tana yanke lawashi daga kan albasa tana tarawa, wanda za a daka a yi gabu. Nana Hauwa ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, da gida da gajiya da zafi da jiki. Tsohuwar ta amsa duka, sannan ta dube ta sama da ƙasa.

"Malama da kanta cikin laka? Halan makarantar ta ƙone."

"Lahiya lau, Inna. Wajen yarinyar nan niz zo."

"Wace yarinya? Yara sun yi yawa a fadama."

Nana Hauwa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Inna Rabi ta ci gaba da yanka.

"Shekara goma sha biyu tana hannuna, ban taɓa ganin ta ture tuwo ba sai wanga zuwa. Ba ta kawo ƙararki ba, kada ki ce. Tac ce dai can ba a san tana nan ba."

"Inna, ke ma haka kinka yi ma babansu. Ni ma haka anka yi mani."

"Awo, haka niy yi. Amma shi a gindina yat tashi, shina ganin hannuna cikin akushinshi sahe da marece. Ke ma uwarki na gabanki. Wagga mi tag gani naki? Na ɗauke ta tun ba ta san huskarki ba, na maido maki ita budurwa, kinka tarbe ta da kunya." Ta ajiye wuƙar. "Ni ma da laihina. Na ji daɗin riƙonta, ban tuna in riƙa kawo ta tana ganinki ba."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Nana Hauwa magana mai zafi da taushi haka. Ta ce a hankali, "Tana ina?"

Tsohuwar ta nuna da haɓa. Can ƙetaren wata babbar hanyar ruwa, a tsakiyar gonar, 'yan mata sun fi ashirin sun duƙa suna tattara albasar da maza suka tuge. Duk sun ba da baya, duk hijabai sun yi launin ƙasa. Kusa da su injin ban ruwa yana ta ruri. Ruwan da ke tsakani ya fi ƙarfin tsallake, gadar itacen kuma tana can nesa.

"Inna, ki kira mani ita."

"Muryata ta tahi tun bara. Ke ce mai murya, har nan muna jin labari."

Nana Hauwa ta waiga ko za ta ga wanda za ta aika. Ba kowa. Ta matsa bakin ruwa, ta ɗaga murya.

"Ke!"

Kawuna goma suka ɗago, suka dube ta, suka koma aiki. Wadda take nema ba ta ko motsa ba. Ta san bayan, ta san yadda take duƙawa da hannun hagu a gwiwa.

"Yayar Mode!"

Injin ya haɗiye maganar. Ta ji dariyar Inna Rabi a bayanta, ƙasa-ƙasa. Matar da ke kiran suna arba'in da shida kowace safiya ba tare da ta numfasa ba, ga ta tsaye harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta tuna Litinin jibi ce, ranar sa hannu a takardar canji. Ta tuna layi na biyu ba farin hijabin nan, da lambar da za ta riƙa wucewa ba tare da ta ɗaga ido ba. Tsoron wannan ya fi kunyar ƙarfi.

"Safinatu!"

Sunan ya fita a karkace, rabinsa a maƙoshi. Yarinyar ta miƙe tsaye. Ta dubi wajen mazan da ke tugar albasa, ta dubi hanyar gari, ta dubi ƙawayenta. Ba ta dubi inda uwarta take ba, don ba ta san sunanta da wannan muryar ba. Wannan ya fi komai yi wa Nana Hauwa ciwo. Ta cika ƙirjinta, ta kira da muryar bakin aji, wadda ake ji har famfo.

"Safinatu!"

Duk fadamar ta juyo. Wani dattijo ya miƙa hannu ya kashe injin don ya ji ko lafiya. Safinatu ta tsaya da albasa biyu a hannu. Sannan ta taho, ba ta bi ta gada ba, ta tattare zane ta shiga ruwan har gwiwa ta fito. Ta durƙusa a gaban uwarta, idonta a ƙasa.

"Ina wuni, Malama."

"Lahiya lau." Nana Hauwa ta rasa inda za ta sa hannuwanta. "Ke za ki Shagari. Ke kinka ci gwajin, kowa ya sani, ni ma na sani tun ranar. Na yi maki ba daidai ba. Ki yahe mani, ki dawo gida."

Yarinyar ba ta ɗago ba. Ruwa yana ɗiga daga bakin zanenta, albasar nan biyu har yanzu suna hannunta. Nana Hauwa ta fara jin tsoron amsar.

"Ban ji da kyau ba ɗazu," ta ce da ƙaramar murya. "Injin ya hana ni ji. Ki sake."

Fadamar shiru take, har ana jin kukan tsuntsaye a kan mangwaro. Inna Rabi ta juya baya ta kama yankan lawashinta da ƙwazo, tana jan hanci. Nana Hauwa ta durƙusa cikin lakar, daidai da 'yarta, ta kama hannun da ke riƙe da albasar.

"Safinatu," ta ce a hankali.

"Na'am, Mama."